Ɗora Bene da Fitar da Shago Ma Suna Buƙatar Izinin Gini

A unguwannin Kano da Kaduna da Zariya gida ba ya tsayawa yadda aka gina shi. Yaro ya isa aure, sai a yanke masa sashe a tsakar gida. Haya ta yi daraja, sai a fasa katangar waje a fitar da shaguna uku. Fili ya ƙare, sai a kware rufi a ɗora bene. Duk wannan aikin yakan ƙare tsakanin mai gida da birkilansa, domin a tunanin yawancin jama'a takardar izini ta mai sabon gini ce, wanda yake gyaran gidan gado kuwa babu ruwan hukuma da shi.

Wannan tunani kuskure ne, kuma yana cin rayuka.

Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ba ta tsaya kan sabon gini kaɗai ba, ta haɗa da sake gini da sauya amfanin wuri, kamar mayar da gidan zama makaranta ko rukunin shaguna. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka nauyin ya sauka kan hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba.

Dalilin neman izinin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Harsashin da aka haƙa domin gida na ƙasa an yi shi ne daidai nauyin bulo da kwano. Idan aka zuba masa kankare da rodi, aka tayar da wasu bangayen, aka ɗora tankin ruwa mai lita 2,000, wanda ruwansa kaɗai ya kai tan biyu, to an aza masa kayan da ba a yi shi dominsu ba. Wani lokaci gefensa akwai tsohuwar rijiya da aka cike ko masai da ya daɗe yana jiƙa ƙasa. Birkila, komai ƙwarewarsa a jera bulo, ba aikinsa ba ne lissafin abin da ƙasa da ginshiƙi za su iya ɗauka. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN. Amma abin da aka fi ji a bakin aiki shi ne "ai zai ɗauka, mun sha yin irinsa," kuma a kan wannan maganar ake kwantar da iyali.

Legas ta ga ƙarshen irin wannan gangancin a watan Satumba na 2014, lokacin da masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta ana cikin ƙara masa hawa. Mutum 116 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka ta Kudu, kuma binciken da aka yi ya gano ginin ba shi da izini. A Kano, bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya danne mutane a kasuwar wayoyi ta titin Beirut a watan Agusta na 2022. A Jos kuwa, ɗalibai na cikin aji makarantar Saints Academy ta rufto musu a watan Yuli na 2024, aka rasa rai 22.

Ba rushewa kaɗai ce ɓarnar ba. Wanda ya ci taku biyu na lungu ya kafa baranda, shi ne sanadin da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, har makara ma sai an karkata ta. Wanda ya ɗora shago a kan kwata, ruwan damina zai aika cikin ɗakin maƙwabcinsa. 'Yan Kantin Kwari sun ɗanɗana haka a daminar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya lalata yadi da atamfa, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Sannan ga tagar bene da ke leƙa tsakar gidan wani, inda matan aure ke girki da wanki. Malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta wannan: Ibn al-Rami, wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da taga da magudana da katangar tarayya. Saboda haka masu cewa izinin gini bidi'ar Turawa ce ba su da hujja.

Sai dai hukumomi ma suna da nasu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Talaka ya fi sanin jami'in tsara birane da jan fenti a bango da motar rusau, bayan ya riga ya ƙarar da kuɗinsa. Mai gida a filin awon igiya, wanda takardar mai unguwa kaɗai yake riƙe da ita, tsoron zuwa ofis yake yi kada neman izinin ɗaki ɗaya ya tono masa maganar filin gaba ɗaya. Wanda zai ƙara banɗaki bai kamata a ɗora masa zirga-zirga da kuɗi irin na mai gina otal ba. Muddin neman izini ya fi karya doka wahala, mutane za su ci gaba da aiki da dare da ranakun hutu.

Abin da ya dace shi ne a raba ayyukan kashi-kashi. Fenti da sauya kwano da filasta a bar mutane su yi abinsu. Ƙarin ɗaki a ƙasa a ba shi takarda mai sauƙi, da kuɗi sananne da aka liƙa a bango, da wa'adin amsa. Bene kuwa, da cire bangon da ke ɗauke da nauyi, da mayar da gida makaranta ko asibiti, kada a ɗaga wa kowa ƙafa sai injiniya ya duba harsashi ya sa hannu, ko mai ginin attajiri ne ko ɗan siyasa.

Gwamnatocin jihohi su buɗe teburin izini a kowace ƙaramar hukuma, su sa masu unguwanni da ƙungiyoyin magina cikin aikin. Mai gidan da ya riga ya sauke bulo da yashi don ɗora bene kuma ya dakatar da aikin, ya kira injiniya ya tona gefen harsashin ya duba kafin a zuba kankare.