Batirin sodiyam: arahar gishiri kaɗai ba za ta wadatar ba

Tun a watan Yulin 2021, lokacin da kamfanin CATL na ƙasar Sin ya gabatar da batirinsa na farko mai aiki da sinadarin sodiyam, ake ta hasashen cewa litiyam ya samu kishiya. Sodiyam dai yana cikin gishirin miya da ruwan teku, kuma a wancan lokaci farashin litiyam sai hauhawa yake yi.

Sai dai makomar wannan batir ta rataya ne a wuyan wani ɓawo da ya fi gashin kai siranta sau dubu. Idan aka yi wa batir cajin farko, wani kaso na ruwan sinadarin da ke cikinsa yakan wargaje a fuskar farantin da ke ajiye caji, ya daskare a kansa. Masanin kimiyyar Isra'ila Emanuel Peled ne ya bayyana aikin wannan ɓawo a 1979: yana barin ƙwayoyin ƙarfen su wuce, yana kuma hana ragowar ruwan lalacewa.

A batirin litiyam ɓawon yana da ƙarko. Na sodiyam kuwa ya fi saurin narkewa a cikin ruwan batir, kuma duk sa'ad da ya narke sai wani ya sake tsirowa, yana cin sodiyam da ruwan tare, har batirin ya raunana. Daɗin daɗawa, girafait da ake amfani da shi wajen litiyam ba ya karɓar sodiyam sosai, don haka aka koma ga wani nau'in gawayi mai tauri, wanda ƙofofinsa kan ƙara asarar cajin farko. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa wajen gauraya ruwan da sinadarai masu ɗauke da fulorin, domin ɓawon ya yi ƙwari.

Kasuwa kuma ba ta jira su ba. Farashin litiyam ya faɗi warwas daga 2023, lamarin da ya rage ratar arahar da sodiyam ke taƙama da ita, kuma a watan Satumban 2025 kamfanin Natron Energy na Amurka ya rufe saboda rashin jari.

A Sin kam ba a ja da baya ba. A 2024 aka buɗe babbar tashar adana lantarki da batirin sodiyam a lardin Hubei, inda nauyin batir ba abin damuwa ba ne, yawan cajin da zai jure ne abin dubawa.