Manufar Ilimi Ba Rigar Minista Ba Ce

A watan Nuwamba na 2022, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa. Tun littattafan ba su iso azuzuwanmu ba, sai ga shi a Nuwamban 2025 an soke manufar, an koma ga Ingilishi. A 2024 an ce sai mai shekara 18 ne zai shiga jami'a. Da aka sauya minista, aka mayar da ita 16. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 an yi mana alkawarin tsarin albashi na musamman; har yau muna zuba ido.

Mu ne ke tsaye gaban allo, mu iyaye ke tambaya, mu ne kuma ke rasa amsa. Uban da ya ji yau fari gobe baƙi, da wace zuciya zai damƙa amanar ɗansa ga makarantar gwamnati?

Buƙatarmu ɗaya ce: kada a sake kafa wata manufa ko rushe ta sai an zauna da malamai da iyaye, an bayyana kuɗin aiwatar da ita da wa'adinta. Shekara shida yaro ke yi a firamare. Abin kunya ne manufa ta kasa kai shi aji shida.