Kada Jadawali Ya Haɗiye Karin Harshe

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin ɗalibai masu nazarin karin harshe, kuma ina adawa da ita: zuba kalmomi kai tsaye cikin Excel, kowace kalma da layinta, kowane gari da ginshiƙinsa, Kano nan, Sakkwato can, Tamale a ƙarshe. Jadawalin yana da kyan gani, amma ya yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu, domin gurbi ɗaya tak ya ware wa kowane gari.

A ce ka tambayi mutum biyu a Zangon Tamale, ɗaya ya ce "zauna", ɗayan ya ce "zamna" irin ta Sakkwatawa. Wa za ka kora daga gurbin?

Maganin yana cikin tsarin rumbun bayanai da E. F. Codd ya gabatar a 1970: kowace amsa da layinta, ɗauke da ma'ana, gari, mai magana da furuci. In kana son jadawalin kwatanci, sai ka umurci SQL ya juya layuka su koma ginshiƙai. Ka tara su bisa ma'ana da GROUP BY, ka gina ginshiƙin kowane gari kamar haka:

MAX(CASE WHEN gari = 'Tamale' THEN furuci END)

To, a nan ma akwai tarko, kuma masu kwafar umurni ido rufe ne ke faɗawa ciki. MAX amsa ɗaya yake zaɓa, wadda ta zo ƙarshe a jerin baƙaƙe. Da yake "u" tana bayan "m", "zauna" za ta danne "zamna", "aure" ya danne "amre". Sai ka rubuta cewa Hausar Tamale ta bi ta Kano, alhali abacada ce ta yi maka binciken. Ka sauya MAX da STRING_AGG a PostgreSQL, ko GROUP_CONCAT a SQLite da MySQL, domin duk furucin da aka ji ya bayyana.

Masu cewa wannan aikin 'yan kwamfuta ne, su tuna sunansu ne a kan kundin. Dattijon da ya ba ka "zamna" amana ya ba ka, kuma kai za a tambaya in ta ɓace.