Bashe Ba Bola Ba Ce

A wani zama da ƙungiyarmu ta raya al'adu ta yi, ana tsara abubuwan da za a baje wa jama'a a makon al'adu, wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, ya ɗaga hannu ya ce yana da shawara. Ya roƙi a ba shi ɗan wuri a filin, kusa da rumfar masaƙa da ta maƙera, ya kawo motarsa Pijo 404 bashe, wadda ya shafe shekara huɗu yana tayar da ita daga kwance. Bai rufe baki ba ɗakin ya kaure da dariya. Mai shugabantar zaman ya ce masa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo: "Malam, ai maganar al'ada muke yi, ba ta tarkacen garaji ba." Wani kuma daga baya ya ƙara da cewa gyaran tsofaffin motoci don sha'awa wasan Nasara ne, na waɗanda suka ƙoshi suka rasa inda za su kai kuɗi. Malam ya sauke hannunsa, aka wuce zuwa batun kujeru da lasifika. Ina wurin, ban ce uffan ba, kuma wannan shirun ne nake son in biya bashinsa a nan.

Bari in fara da zargin kwaikwayo, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Babu shakka a Amurka da Turai wannan sha'awa ta zama babbar kasuwa. Ba'amurke zai nemo tsohuwar Ford F-100 ko Chevrolet C10 daga wata gona, ya warware ta kusa da kusa, ya sa mata sabon inji, ya sauke ta ƙasa har ta kusa lasar kwalta, ya shimfiɗa mata katako mai sheƙi a baya, wanda har abada buhu ba zai taɓa hawa kansa ba. A shekarar 2021 kamfanin Ford da kansa ya nuna wata F-100 ƙirar 1978 da aka cire wa injin mai aka sa mata na lantarki. A Faransa motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takardar rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi. Ana yin bajekolin Rétromobile a Paris tun 1976. Peugeot kuma ta buɗe gidan tarihinta a Sochaux a 1988. Duk wannan haka yake. To amma wane ne ya kwaikwayi wani? Abin da Bature ke yi ranar Lahadi don ya huta, da littafi a buɗe da kayan aiki na miliyoyi, shi ne abin da bakaniken Maraɗi da na Damagaram da na Tawa suka yi shekara hamsin suna yi daga safe zuwa magariba, a ƙarƙashin bedi, don su ci tuwo. Idan akwai ƙasar da ta san yadda ake hana bashe mutuwa, ba a bakin kogin Seine take ba.

A duba tarihin motar. Peugeot ta fitar da 404 a 1960, ƙirar bashe mai buɗaɗɗen baya da tamfal ta biyo a 1967. An fitar da 504 a 1968. Turai ta gaji da su ta koma ga wasu, Afirka ta riƙe: an ci gaba da haɗa 404 a Kenya har 1991, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuwa, wadda ta fara aiki a 1975, ba ta daina haɗa 504 ba sai cikin shekarun 2000. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da shekarun 1980, lokacin da samarin Turawa ke kwaso tsofaffin Pijo su ratso Sahara ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su sayi tikitin jirgi su koma gida. A ganinsu sun sauke mana kayan da suka ƙare. Mu kuwa muka karɓa, muka ƙara musu rai na biyu da na uku. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya, kanikawanmu ne suka tsayar da ƙasar a kan tayoyinta, da yanka, da walda, da ƙira, da dabarar da babu ita a cikin kowane littafi.

Ga mai cewa wannan ba al'ada ba ce, ina da tambaya. Da me aka kai amaryarka? Da me aka kai gyaɗar mahaifinka kasuwa, da me aka ɗauko gawar kakanka daga likita? Malamai nawa ne cikin masu karanta wannan shafi suka isa ƙauyen da aka fara tura su aiki a bayan bashe, zaune a kan buhun hatsi, akwatin littattafai a cinya, akuya tana shaƙar kunnensu? Ranar kasuwar kowane gari daga Madawa zuwa Magarya, wannan motar ce ta ɗinka ƙauye da birni. Mun yarda keken ɗinki ya shiga al'adarmu, mun yarda shayi ya shiga, alhali ba a gonar kakanninmu ganyensa ya tsiro ba. Doki kansa, da muke yi wa ado ranar hawan salla, baƙo ne da ya daɗe har aka manta ranar zuwansa. Abin da mutane suka rayu da shi, suka sa masa suna da harshensu, suka yi masa rubutu a goshi da zane a gefe, ya zama nasu. A gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai an gina wa busasshen icen Tenere rumfa, wanda mota ta kayar a 1973, kuma daidai ne da aka yi haka. Sai dai abin mamaki ne a ce itacen da mota ta buge yana da ɗaki, motar da ta ɗauki ƙasar a bayanta kuwa ko inuwa ba a yarda a ba ta ba na kwana bakwai.

Amma ba ƙarfen ne ya fi damuna ba. Ilimin da ke tattare da shi ne.

Na je gidan Malam bayan wancan zama, na tarar da shi da wani tsohon bakanike da yara uku na unguwa sun kewaye injin. Wanda bai taɓa leƙa cikin 404 ba bai san dalilin da ya sa ta daɗe haka ba. Injin a kishingiɗe yake, an karkatar da shi gefe guda, komai nasa a fili, hannu yana isa ko'ina. Hannayen rigar da fistan ke hawa da sauka a cikinsu, waɗanda kanikawanmu ke kira shemiz, ana zare su a sa sababbi, don haka injin da ya tsufa ba ya bukatar a kai shi wata babbar masana'anta kafin ya koma saurayi. Wutar da ke kunna mai tana bi ta delko da bis-filatine zuwa buji huɗu, bisa jerin 1, 3, 4, 2. A sauya waya ɗaya, motar ta kama tari. Tazarar bakin bis-filatine ba ta kai rabin milimita ba, kuma a kan wannan ƴar tazara lafiyar injin duka ta rataya. Tsohon bakaniken, wanda bai taɓa zama a benci ba, ya sa kunne ya ce iska ta yi wa karbirato yawa, ya juya ƴar kusa kaɗan, muryar injin ta daidaita kamar an lallashi yaro. Malam kuma ya ɗauki alli ya rubuta wa yaran a jikin bango yadda ake lissafa cikin silinda daga faɗinta da tsawon tafiyar fistan, a ninka sau huɗu, a samu wajen lita 1,6. Na ga idon yaro ɗaya ya buɗe. Lissafin da'ira da aka yi shekara ana dukansa a kansa, ranar nan ya ga inda yake zaune.

Mu malamai mun san wannan ciwo. Muna koyar da wutar lantarki da zafi da matsi a kan allo, yara suna haddacewa kamar karatun aku, su zubar a takardar jarrabawa su manta. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, amma iyaye da yawa, har da mu kanmu, muna ɗaukar yaron da ya bi hanyar sana'ar hannu a matsayin wanda boko ya ƙi. Wanda ya faɗi jarrabawa shi ake kaiwa garaji, kamar horo. Ga shi kuwa tsohuwar bashe ɗakin gwaji ce sukutum, mai tafiya da ƙafarta. Motocin da ke shigo mana yanzu na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa su; idan sun ƙi tashi sai an jona musu kwamfuta ta faɗi abin da ke damunsu, a cire akwati a sa wani. Ba na zagin ci gaba, kuma dole yaranmu su koyi wannan sabon aiki. Amma yaron da bai taɓa ganin yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa da idonsa ba, zai zama mai sauya akwati ne kawai, bawan mai sayar da akwatin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Masu sayen tsohon ƙarfe suna bin gari gari da ma'auni, suna sayen gawar mota da kilo. A daddatsa ta da wutar walda, ƙarfen ya wuce, alminiyon ya koma tukunya. Ba na ganin laifinsu, sana'a suke, kuma duk wanda ya zaga kasuwar Katako a Yamai ya san irin hikimar da ke cikin mayar da yasasshe abin amfani. Sai dai kowace bashe da aka yanka, ƙofofinta da fitilunta da akwatin giyarta sun tafi ke nan, ba mai sake ƙera su a nan kusa. Tsofaffin kanikawa su ma ana kai su kushewa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ke cikin kunnuwansu da yatsunsu. Mun yi kukan ba a naɗi muryar mawaƙa da maroƙa da yawa ba kafin su rasu. Ga wata asarar irinta tana faruwa a gabanmu, mu kuwa dariya muke.

To, kada masu gyaran su zaci na zo in wanke su tas. Akwai abin da ake kira gyara a tashoshinmu wanda kitso ne da ƙwarƙwata. A shafa wa tsatsa fenti, a manna madubai da fitilu kala-kala, a rubuta addu'a a goshi, birki kuwa sai an taka sau uku kafin ya ji. Mafi muni shi ne ƙarin lam. Motar da aka ƙera don ta ɗauki wajen tan guda, sai a ƙara mata lam uku ko huɗu a baya, a ɗaga mata keji na ƙarfe sama da kan direba, a loda mata ninkin kayanta, mutane kuma su hau bisa kayan. Bayanta ya daina durƙusawa, gaskiya ne, amma birkin nan dai shi ne na jiya, ƙarfen taya shi ne na jiya, shasi shi ne na jiya, nauyin kuma ya koma sama, inda kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da kowa. Wanda ya cire injin Pijo ya dasa na gazuwal mai ƙarfi daga wata mota, bai taɓa birki ba, bai duba sitiyari ba, ya ƙara wa motar gudu ne zuwa inda ba a dawowa. Babu gidan da bai san wani da irin wannan lodi ya ci ba. Dalilin da ya sa nake goyon bayan mai gyara don sha'awa ke nan: shi ba ya gaggawar fita lodin gobe. Yana da haƙurin ya fara daga ƙasa, ya kankare shasi har ya ga farin ƙarfe, ya sabunta bututun birki, fenti ya zo a ƙarshe. Aparantin da ya ga an yi aiki a wannan jeri sau ɗaya, ya san akwai wata hanya ban da ta "mu dai lallaɓa ta kai kasuwa".

Saura zargin almubazzaranci. Kuɗin fanshon Malam ne, ba na baitulmali ba. A garin da ake kashe abin da ya fi haka a kan yinin biki ɗaya, a watsa wa makaɗa, a wayi gari da bashi, ban ga wanda ya isa ya tuhumi dattijon da ya sayi juwan-kulas da buji ya tara yaran unguwa a ƙofar gidansa ba. Mai kiwon doki don hawan salla ba ya noma da shi, ba wanda ya ce masa almubazzari. Mai tara tsofaffin littattafai, mu ne ma ke yi masa kirari.

Abin da nake nema daga ƙungiyoyinmu kaɗan ne. A ba irin waɗannan motoci wuri a bukukuwan al'adu, a buɗe murfin inji, a zaunar da tsohon bakanike a kan kujera kamar yadda ake zaunar da sarkin maƙera, ɗalibai su yi masa tambaya. Masu sha'awar harshe a cikinmu su ɗauki littafi da alƙalami su shiga garaji, su rubuta kalmomin da ake amfani da su: waɗanda aka aro daga Faransanci aka lanƙwasa, waɗanda suka hauro daga Kano da Katsina da ƙamshin Ingilishi, da waɗanda aka ƙirƙira a nan. Bakanike ɗaya zai ce amburyaji, maƙwabcinsa ya ce kuloci, kuma dukansu Hausa suke yi. Wannan kaɗai ya isa wani ya rubuta kundin digiri a jami'ar Abdu Mumuni. Shugabannin makarantu kuwa, wanda ya san inda wata bashe take kwance a bayan wani ofishi, kaji suna ƙwai a cikinta, ya nemi a ba makarantarsa ita kafin mai ma'auni ya riga shi.

Na mayar da shawarar Malam gaban ƙungiya, a rubuce wannan karon, da sa hannuna a ƙarƙashin nasa, kuma zan nemi a kaɗa ƙuri'a a kanta a zama mai zuwa, kowa ya ɗaga hannu a gan shi. Motar dai tana tashi da murɗawa ɗaya. Abin da ya rage mata gilashin fitilar baya ta hagu, an ba wani direba sallahu ya duba a kasuwar Ƙofar Ruwa idan ya shiga Kano.