Memori Ba Bakup Ba Ne, Balle Ga Mutumin Haɗejiya

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a shagunan caji da wajen masu tura fina-finai: "Ni ban yarda da Google Drive ba, kayana suna cikin memori, a hannuna." Mai faɗar haka gani yake ya fi kowa wayo. Alhali shi ne zai fara zuwa wajen mai gyara yana roƙon a ceto masa hotuna.

Abin mamakin ma mutanenmu na Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma ne ke faɗar haka. Ku dubi yadda muke shirya falo idan Agusta ta kama. Talabijin a bango take, ba a kan tebur ba. Soket an ɗaga shi sama. Kafet a naɗe, kujeru a kan bulo, takardun makaranta da na gona a cikin leda a saman wardirop. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ce ta koya mana. Mun san idan ruwa ya taso daga wajen Tiga da Challawa, ga kacalla ta toshe hanyoyinsa, to cikin gari zai nema. Kujerar soso mun yi mata tanadi. Amma hoton marigayi Baba, lambobin abokan ciniki, da muryoyin WhatsApp da ke nuna wa kake bi bashin buhun shinkafa nawa, duk suna cikin waya ɗaya a ƙarƙashin matashi.

Wani zai ce ai ya kwafe a filash. Ina filash ɗin yake? A durowar teburin talabijin, can ƙasa, inda ruwa ke fara shiga. Kwafi biyu a ɗaki ɗaya, kwafi ɗaya ne. Memorin da ke cikin waya kuwa ba a ma maganarsa: ɓarawon da ya zare wayarka a kasuwa ba zai tsaya ya ciro maka memori ba. Ga jabun memori da aka rubuta 64GB a jikinsa alhali bai kai ba, kana zubawa yana cinye na baya.

Ban ce ajiya a intanet ba ta da matsala ba. Data ta yi tsada, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Google 15GB kawai yake bayarwa kyauta, kuma Gmail, Drive da Photos ne ke rabawa; daga 2024 har bakup ɗin WhatsApp na masu Android a ciki ake lissafa shi. Masu iPhone 5GB ne nasu. Sannan Google na iya goge akawun ɗin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Duk gaskiya ne.

Amma wa ya ce ka ɗora komai? Fina-finan Kannywood da wasannin ƙwallo su zauna a memori, idan sun tafi mai turawa yana nan. Hoton takarda ɗaya bai wuce megabait biyu zuwa uku ba. Takardu ɗari ba su kai datar da kake ƙonawa a TikTok a yini guda ba. Lambobin waya kuwa kusan ba sa cin komai: ka mayar da su kan Gmail maimakon sim, shi ke nan. A WhatsApp ka shiga Settings, Chats, Chat backup, ka zaɓi akawun ɗinka, ka kashe Include videos.

Masu cewa suna tsoron hotunan iyalinsu, wannan damuwa ce ta gaske kuma ban raina ta ba. A wajen nan dai akwai End-to-end encrypted backup. Ka kunna shi, ka sa kalmar sirri, ko WhatsApp ba su iya buɗewa. Amma fa idan ka manta ta, su ma ba za su iya taimakonka ba.

Inda aka fi yin asara ma ba laifin Google ba ne. Yaron shago ne ya buɗe maka Gmail ranar da ka sayi waya, bai gaya maka kalmar sirri ba, kai ma ba ka tambaya ba. Ko kuma lambar da aka haɗa da akawun ɗin an rufe ta lokacin haɗa layi da NIN. To ko ka yi bakup, ta ina za ka shiga? Yau ɗin nan ka canza kalmar sirrin, ka duba lambar da ke kai layinka ne mai aiki, ka rubuta a takarda ka sa cikin ledar nan ta saman wardirop. Filash ɗin ma a fitar da shi daga durowa, ko a aika wa ɗan'uwa a Dutse ko Kano ya ajiye, tun kafin kogi ya cika.