La'ada Ba Cin Banza Ba Ce: Raddi Ga Masu Haramta Dillanci

Akwai maganar da ke yawo a majalisu daga Safana zuwa Batsari, har ta fara hawa mumbari, cewa dillali cima-zaune ne, la'adarsa haram ce, kuma shi ke sa kaya tsada. Masu wannan ra'ayi sun jingina shi da hujjoji, don haka sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce Manzon Allah (SAW) ya hana mazaunin gari ya sayar wa baƙauye kayansa, kuma Ibn Abbas ya fassara hanin da dillanci. Hadisin ingantacce ne, ba mu musa ba. Amma a ina Imam Bukhari ya kawo shi? Ɗaya daga cikin wuraren shi ne babin ladan dillanci a Kitabul Ijara, inda ya fara da cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba. A babin ne kuma ya ruwaito Ibn Abbas ɗin nan yana halatta ka ba mutum tufa ya sayar, abin da ya hau kan farashin da ka yanke ya zama nasa. Shin Ibn Abbas bai san fassararsa ba ne? Hanin ya shafi yanayi guda: baƙo ya shigo da kayan da ake bukata zai sayar a farashin ranar, ɗan gari ya ce ya bar masa ya riƙe sai sun yi tsada.

Sun ce ladan ba sananne ba ne, domin dillali na iya wuni a kara ya koma hannu rabbana. A nan suka haɗa ijara da ju'ala. Ju'ala lada ce da ake ɗaura wa cikar aiki, kuma malamai sun kafa mata hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Imam Malik a Muwaɗɗa ya halatta a ce wa mutum: in ka sayar a kan kaza kana da kaza, in ba ka sayar ba ba ka da komai. Abin da ya ƙi shi ne a ɗaura ladan kan kowane dinari, ya riƙa raguwa da raguwar farashi. To, mai kamashon kashi cikin ɗari yana da tambayar da zai kai wa malamai, kuma akwai saɓani a kanta. Amma wanda aka yanke wa la'adarsa kan kowane buhun rogo ko kowane kan akuya, ina laifinsa?

Batun tsada ba ya bukatar dogon bayani. Dillali ba shi ya hana noma a gefen dajin Rugu ba, ba shi ya tsawwala kuɗin mota ba.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce shanun sata, kuma ba abin wasa ba ce. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Safana da Batsari da Jibiya da Ɗanmusa, saboda zargin ana sayar da shanun sata a cikinsu. Akwai ɓatagari, tabbas. Sai dai a al'adar kara dillali ne shaida: shi ya san mai dabba da rugarsa, shi za a riƙe in aka biyo sawu. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda fataucin shanu a Sabon Ibadan ya tsaya kan maigida da dillalansa, masu tsaya wa baƙo har a ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. In aka kori dillali, saniyar sata za ta ci gaba da sayuwa, sai dai babu wanda za a tambaya.

Abin da shari'a ta hana a fili shi ne najashu, wato tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, da tare hanya kafin manomi ya san farashin kasuwa, da ɓoye aibin dabba. A kan waɗannan ya kamata a yi wa dillalan Runka da na kasuwar Batsari wa'azi, da kakkausar murya ma, kuma shugabannin kasuwa su riƙa ɗaukar sunan duk mai tsayawa a turke.