Bahaushe ɗan Katolika: me ya sa har yanzu muke mamaki?

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Ni Musulmi ne, haifaffen Kafin Hausa, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Wani abu ne ya faru a ɗakinmu na makaranta, ya tsaya mini a rai.

2/ Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi tun muna aji ɗaya. Bahaushe ne gaba da baya, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. In ya jefo karin magana sai ka rantse kakarka ce. Ɗan Katolika ne. Da asuba in na tashi alwala, shi ma ya tashi, ya zauna bakin katifa da carbinsa yana addu'a ƙasa-ƙasa. Da Hausa fa.

3/ Ran nan wani abokinmu ya shigo aron caja, ya ji shi yana ambaton Ubangiji yana neman gafara. Da ya gama sai ya ce masa: "Malam, wai kai wane yare ne?" Ya ce Bahaushe. Ya ce: "A'a, asali-asali nake nufi." Muka kwashe da dariya, har da ni. Shi bai yi ba.

4/ Da dare yake ce mini, in ya shiga coci a wani gari, wasu sai su dinga yi masa kallon ɗan leƙen asiri saboda hula da Hausar bakinsa. In ya dawo cikinmu, a bayan idonsa "arnen ɗakinku" ake ce masa. Ya ce: "To ni ina zan sa kaina?" Wallahi na rasa amsa.

5/ Mu fara da gaskiya: ba jiya suka zo ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. A Wusasa ta Zariya akwai gidajen Hausawa Kiristoci tun zamanin Turawa. Cikin Maguzawan Kano da Katsina akwai waɗanda suka musulunta, akwai kuma waɗanda suka shiga coci.

6/ Jigawar nan tamu a tsarin Katolika tana ƙarƙashin dayosis ɗin Kano ne, wanda Bishop John Namaza Niyiring yake jagoranta tun 2008. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, bishop ɗinsa na farko. Mamman Musa fa. Shi ma za mu tambaye shi asali-asali?

7/ Addu'a da Hausa ma tana da tarihi. Da can da Latin ake gabatar da babbar ibadarsu. Taron Vatikan na biyu, 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofar yin ta da harsunan mutane. Shi ya sa za ka ji 'yan Zumuntar Mata suna waƙa da Hausa tsantsa, da tulu da kacau-kacau.

8/ Ba mu kaɗai ba ne. Papuwa Niyu Gini, can tsibiran tekun Fasifik, tana da harsuna sama da 800. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare limaman mishan. Wani malamin coci ɗan ƙasa, Peter To Rot, ya ci gaba da tara mutanensa addu'a, har aka kashe shi a kurkuku a 1945.

9/ A Oktoban 2025 Fafaroma Leo ya ayyana shi waliyyi, na farko daga ƙasar. Ba aƙidarsa nake tallata muku ba. Abin lura shi ne, addinin da mutum yake kuka da shi cikin harshen uwarsa ya daina zama baƙo a wurinsa. Gori ba ya cire shi.

10/ Na san me wasu za su ce: "Ai da makaranta da asibiti mishan suka ja su." To, a ce haka ne. Lokacin da ƙauyen ba rijiya, ba aji, ba maganin zazzaɓi, mu muna ina? Wanda ya ƙi zuwa gaisuwar mara lafiya bai kamata ya yi fushi da wanda ya je ba.

11/ Wasu kuma za su ce ina sassauta addini. A'a. Na yi imani Musulunci ne gaskiya, ina yi masa fatan shiriya, na kuma faɗa masa ido da ido. Ya ce shi ma yana saka ni a addu'arsa. Muka yi murmushi, muka ci garau-garau kwano ɗaya. Imanina bai ragu da ƙwayar zarra ba.

12/ Ku tuna, da Makka ta yi wa sahabbai zafi, Annabi (SAW) Habasha ya tura su, ƙasar Kiristoci, wurin Najjashi, saboda ba a zalunci a gabansa. Tun a Islamiyya muka haddace wannan. A ɗakin kwanan ɗalibai ne muke mantawa.

13/ Abu uku kawai nake roƙo. Mu bar kalmar "arne", zagi ce, kowa ya sani. Mu daina kore mutum daga Hausanci saboda addininsa, harshe ba katin masallaci ba ne. In za ka yi da'awa, fara da halinka. Ba a kiran kaza da jifa.

14/ Su ma 'yan uwa Kiristoci, a daina yi wa Bahaushen da ya shigo coci kallon tuhuma. Ya ishe shi haka.

15/ Ni dai na ba shi haƙuri kan dariyar nan. Ya ce ba komai, ya saba. "Na saba" ɗin nan ita ta fi yi mini ciwo. In kana da irinsa a ajinku ko unguwarku, ka taɓa tambayarsa yadda yake ji da mu? Ku faɗa mini a ƙasa, amma ban da zagi. Allah Ya sa mu dace.